Yadda Ake Tace Furotin Da Tantani A Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai koko tana tace ƙullu ya riga ya ga rabin aikin nan. Za ta ɗaura ƙyalle a bakin roba, ta zuba niƙaƙƙen gero, tana ƙara ruwa tana cuɗawa da hannu. Gasara ta wuce ƙasa, dusa ta tsaya a sama. Da zarar ta ɗauke hannu, dusar sai ta kwanta ta liƙe ƙyallen, ruwa ya koma ɗiga da ƙyar. Ka riƙe wannan a ranka, domin yawancin wahalar tace furotin daga irin wannan liƙewar take fitowa.

Namu ya bambanta da nata ta fuska biyu. Mu abin da ya tsaya a sama muke nema, wato furotin, ruwa da gishiri kuma su wuce. Sannan matacinmu ba ƙyalle ba ne, tantani ne mai hudoji da ido ba ya gani, faɗinsu daga kamar nanomita 1 zuwa 100. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ruwa ba ya bin irin wannan huda don kansa, sai an tura shi da ƙarfi: ko da injin wulwulawa da muke kira santirifuj, ko da iskar gas, ko da famfo. Sunan aikin a littattafai ultirafiltireshan, kuma wani Bajamushe mai suna Heinrich Bechhold ne ya raɗa sunan wajen 1907. Jikinka ma yana yin sa dare da rana. Ƙoda tana tace kimanin lita 180 na ruwan jini a yini, gishiri da sukari da yuriya su wuce, albumin ya tsaya. Shi ya sa likita yake damuwa idan ya ga furotin a fitsari.

Na rubuta wannan ne domin ɗalibin da ke aikin furojek, wanda ya fito da enzayim ɗinsa (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) daga kolom, wato bututun raba furotin, ko daga gishirin amoniyam salfet, ya tarar da shi tsululu cikin mililita 15 ko 30, ga gishiri jingim, alhali abin da yake buƙata mililita ɗaya ne mai kauri. Zan fi tsayawa kan ƙaramin mataci na santirifuj, kofi mai tantani a sama da kwalbar tara ruwa a ƙasa, irin su Amicon Ultra da Vivaspin, don shi ne ya fi zuwa hannunmu. Daga baya zan taɓo manyan.

Fara da sanin girman furotin ɗinka

Kafin ka taɓa komai, nemo nauyin furotin ɗin. Ana auna shi da dalton, dubu ɗaya kuma shi ne kilodalton, a taƙaice kDa. Albumin na jinin saniya, wanda ake rubutawa BSA, yana da kDa 66. Garkuwar jini IgG tana da 150. Obalbumin na farin ƙwai kimanin 45, laisozayim na farin ƙwai 14.3. Kwatanta su da gishirin girki mai dalton 58 kacal, ko amoniyam salfet mai 132, ko sukarin madara mai 342. Wannan tazarar ce take sa aikin ya yiwu.

Amma girman da furotin yake da shi a cikin ruwa kake nema, ba wanda ka gani a kan jel ba, wato gwajin SDS-PAGE da ke jera furotin bisa girma. Hemogulobin a SDS-PAGE yana fitowa wajen kDa 16, domin sinadarin SDS ya warware shi. A cikin bafa kuwa, wato ruwan da ake ajiye furotin a ciki, guda huɗu ne a haɗe, kimanin kDa 64. Haka kuma siffa tana da tasiri: furotin mai tsawo kamar zare yana iya silalewa ta hudar da dunƙulalle mai nauyi ɗaya da shi ba zai bi ba.

Zaɓen tantani

A jikin kowane mataci za ka ga lamba: 3K, 10K, 30K, 50K, 100K. Ita ce lambar iyaka, a takardar kamfani ana rubuta ta MWCO. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗauka cewa tantanin 50K yana tare duk abin da ya kai kDa 50. Ba haka ba ne. Ma'anarta ita ce abu mai wannan nauyin ana tare kimanin kashi 90 cikin ɗari nasa. Hudojin ba girmansu ɗaya ba, wasu sun fi wasu faɗi.

Kashi 10 kamar ba komai ba ne, sai ka yi lissafi. Idan tantani yana tare kashi 90, ka matse mililita 15 zuwa rabin mililita, wato ninki 30, abin da zai rage maka kashi 71 ne kawai. Idan kuma ka maimaita matsewar har sau huɗu saboda wanke gishiri, za ka tashi da kimanin kashi 26. Kashi uku cikin huɗu na wahalar wata guda ya bi ruwa. Da tantanin da ke tare kashi 99, wannan aikin dai zai bar maka kashi 87.

Don haka ƙa'idar ita ce: raba nauyin furotin ɗinka gida uku, ka ɗauki tantanin da lambarsa ba ta wuce abin da ka samu ba. IgG, 50K ko 30K. Obalbumin, 10K. Laisozayim, 3K. BSA mutane da yawa suna amfani da 30K kuma yana riƙe shi sosai, amma idan samfurin kaɗan ne kuma ba ni da wani, ni 10K nake ɗauka. Kada kuma ka ce bari ka ɗauki 3K ga komai don kwanciyar hankali. Ƙaramar huda tana cin lokaci, aikin minti 15 ya koma na awa guda, furotin yana zaune yana ɗumama, kuma ƙananan tarkacen da kake so su fita su ma su tsaya.

Sai abin da aka yi tantanin da shi. Iri biyu za ka fi haɗuwa da su. Akwai na selulos da aka sarrafa, mai alamar RC, wanda furotin ba ya yawan manne masa. Akwai PES, wanda ya fi sauri kuma ya fi jure wanki da sinadarai masu ƙarfi, sai dai wasu furotin sun fi manne masa. Idan samfurinka tsululu ne ƙwarai, fara da RC.

Wani abu da ya kamata ka cire rai da shi tun yanzu: tantani ba ya raba furotin biyu masu kusancin girma. Sai bambancin ya kai kamar ninki goma ake samun rabuwa mai kyau. Ɗalibai kan zuba farin ƙwai a 30K da fatan laisozayim ya wuce obalbumin ya tsaya. Kaɗan yake wucewa. Obalbumin yana shimfiɗa kansa a kan tantanin ya zama mataci na biyu, sannan laisozayim mai caji tabbatacce ne, sauran masu kishiyar caji, sai su rungumi juna, musamman idan babu gishiri a bafa. Rabuwa aikin kolom ne. Tantani aikinsa kaurarawa da canza ruwa.

Tsabtace samfurin kafin ya ga tantani

Ɗaga kwalbar ka duba ta a haske. In ka ga duhu-duhu, ko gudaji, ko wani abu kamar zare yana yawo, tsaya. Juya shi a santirifuj a g 10,000 (g ma'aunin ƙarfin wulwulawa ne) na minti 10 zuwa 15, ka tsiyaye na sama. In kana da matacin sirinji na maikuromita 0.45 ko 0.22, bi da shi ta ciki. Farin ƙwai misali ne mai kyau: da ka tsinka shi da ruwa za ka ga wani farin abu mai yauƙi ya fito fili. In wannan ya hau tantani, aikin ya tsaya tun bai fara ba.

Duba pH na bafa ɗinka, wato ma'aunin tsaminsa. Kowane furotin yana da wani pH da cajinsa yake komawa sifili, kuma a nan ne ya fi saurin dunƙulewa ya kwanta. Na BSA wajen 4.7 ne, na laisozayim wajen 11. Nisanci wurin da aƙalla maki ɗaya. Ɗan gishiri, kamar milimola 100 zuwa 150, yana taimaka wa yawancin furotin su zauna lafiya yayin da suke kauri.

Idan akwai sinadarin sabulu a bafa, irin su Triton X-100, ka sani yana taruwa curi-curi, kuma curin ya kai girman furotin. Shi ma zai yi kauri tare da samfurinka a ƙaramin tantani.

Yanzu ɗebi kamar maikurolita 100 ka ajiye a gefe, ka rubuta "na farko" a jikinsa, ka kuma rubuta ainihin yawan ruwan da za ka tace. Wannan ɗan abin da ka ajiye shi ne zai gaya maka gaskiya a ƙarshe.

Ɗauraye matacin

Sabon tantani yana zuwa da ɗan giliserin da aka shafa masa don kada ya bushe. Cika kofin sama da tataccen ruwa ko bafa, juya na minti 5, zubar. Wannan ɗaurayar tana da wani amfani: idan ruwan ya zube gaba ɗaya cikin daƙiƙu kaɗan, ko ka ga yana ɗiga tun ba ka sa shi a inji ba, ka yi zargin tantanin ya fashe. Daga lokacin da ya jiƙe kuma kada ka bar shi ya bushe. In ba a take za ka yi aiki ba, bar ruwa a kansa.

Ga mai samfur tsululu sosai, ƙasa da maikurogiram 10 a mililita, mannewa a bango da tantani kaɗai na iya cinye rabin abin. Ana rage wannan da jiƙa matacin cikin sinadarin sabulu Tween 20 na kashi 5, ko BSA na kashi 1, ya kwana, sannan a ɗauraye shi sau uku ko huɗu. Kada dai ka yi amfani da BSA idan daga baya za ka auna yawan furotin ko ka hau jel, don zai shiga lissafinka.

Juyawa

Zuba samfur a kofin sama. Amicon Ultra-15 yana ɗaukar mililita 15 a rota mai lilo (rota ita ce kan injin da ke juyawa da kwalabe), amma 12 kawai a rota mai kafaffen gurbi, domin a karkace yake zaune, in ka cika zai malala. Rufe murfi. Yi wa kwalbar kishiya mai nauyi ɗaya a gurbin da ke fuskantarta, kuma a kan sikeli za ka daidaita su, ba da ido ba. Ya fi kyau kishiyar ta zama wani tsohon mataci da ruwa a ciki. A rota mai kafaffen gurbi akwai fuskar da ake so tantanin ya kalla, kowane kamfani da tasa, tana cikin 'yar takardar da ke kwalin. Karanta ta.

Sai maganar gudu, inda ake yawan yin ɓarna. Takardar tana ba da iyaka da g, injinan da yawa kuma rpm suke nunawa, wato yawan juyi a minti, kuma ba abu ɗaya ba ne. Ultra-15 iyakarsa g 4,000 a rota mai lilo, 5,000 a mai kafaffen gurbi. Ƙaramin na rabin mililita yana ɗaukar 14,000. Lissafin: ninka 0.00001118 da tazarar da ke tsakanin tsakiyar rota da gindin kwalba a santimita, sannan ka ninka da rpm sau biyu. A rota mai santimita 16, rpm 4,000 yana ba da kimanin g 2,860, kuma sai ka kai wajen rpm 4,700 kafin ka sami g 4,000. Auna tazarar da rula sau ɗaya, ka rubuta ta a jikin injin don na bayanka.

Kada ka saita minti 40 ka tafi sallah ko cin abinci. Juya minti 5 zuwa 10, tsayar, buɗe, duba. Ga dalili. Yayin da ruwa ke wucewa, furotin yana taruwa a fuskar tantani da can ƙasan kofi, kaurinsa a wurin ya ninka na sauran ruwan sau da yawa. In aka bar shi sai ya yi yana, irin wadda kunu ke yi in ya huce. Yanar nan ita ce dusar mai koko. Tana rage gudun ruwa, kuma a cikinta ne furotin ke dunƙulewa ya mutu. Maganinta shi ne hannun mai koko: ɗauki fifet, wato mazuƙin ruwa, zuƙi ruwan kofin a hankali ka mayar, sau huɗu ko biyar, kana wanke bangon da shi. Kada bakin fifet ya taɓa tantanin. Fatar da ke yin tacewar siririya ce ƙwarai, ba ta kai maikuromita ɗaya ba, sauran kaurin duk soso ne da ke tallafe da ita. Wannan tsarin na siririyar fata a kan soso Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka fito da shi a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles wajen 1960, kuma shi ya sa tantani ya sami saurin da za a yi aiki da shi. Ƙarzane ɗaya ya isa ya huda fatar.

Kada ka tayar da kumfa. Furotin da ya shiga kumfa ya warware, da wuya ya dawo.

In samfurinka ya fi abin da kofin ke ɗauka, juye ruwan ƙasa a wata kwalba mai tsabta, ka ƙara sabon samfur a sama, ka ci gaba. Na ce juye a kwalba, ban ce zubar ba.

Zafi abin lura ne a wurinmu. Santirifuj marar sanyi yana ɗumama da kansa, balle a watan Afrilu da ɗakin ma ya ɗauki zafi. In injinka yana da sanyi, saita shi a digiri 4, ka kuma ƙara haƙuri, don ruwan sanyi ya fi kauri: a digiri 4 kaurinsa ya fi na digiri 20 da kusan rabi, gudun tacewar kuma zai ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku. Giliserol, wato giliserin, a bafa shi ma yana rage gudu. In injin ba shi da sanyi, yi aikin da sassafe, juyi na minti 5, tsakanin kowane juyi kwalba ta koma cikin ƙanƙara. In aka ɗauke wuta, jira rota ta tsaya da kanta, fito da kwalbar, gauraya, sa a ƙanƙara. Kada ka bar ta cikin inji kana jiran a tayar da janareto.

Ina za ka tsaya? Matatan zamani suna da ɗan gurbi a ƙasa da ba ya bari su bushe ƙarƙaf, na Ultra-15 kimanin maikurolita 200. Amma ba dole ba ne ka kai can. Da ka ga ruwan ya fara hazo, ko wani fari-fari ya bayyana a ƙasa, furotin yana gaya maka ya kai iyakarsa a wannan bafa. Tsaya, ƙara ɗan bafa, gauraya.

Wanke gishiri

Nan ma akwai rashin fahimta. Matsewa kaɗai ba ta rage ƙarfin gishiri. In ka fara da milimola 500, ka matse zuwa rabin mililita, wannan rabin mililitar har yanzu milimola 500 ce, domin gishiri yana bin ruwa daidai wa daida, sama da ƙasa ɗaya suke. Abin da ke rage shi tsinkawa ne. Cika kofin da sabon bafa zuwa mililita 15, gauraya sosai: ya koma kimanin milimola 17. Matse, sake cikawa: 0.56. Karo na uku: ƙasa da 0.02. Zagaye uku sun isa kusan kowane aiki, kuma cikin awa biyu ka gama abin da jakar dayalisis, wadda ake tsoma wa cikin bafa don gishiri ya fita, za ta kwana tana yi, da bafa kaɗan.

Wasu furotin ba sa son a cire musu gishiri farat ɗaya. In ka ga hazo da zuba sabon bafa, koma matsewa rabi-rabi: daga 15 zuwa 5, ka cika, ka maimaita sau da yawa. Ya fi cin lokaci amma ya fi sauƙi a kan furotin.

Kwashewa da lissafi

Da inji ya tsaya, kwashe nan take. Gauraya a hankali, zuƙe da siririn bakin fifet, ka lura da yawan abin da ka samu. Hanya mafi inganci ita ce auna ƙaramar kwalbar a sikeli kafin da bayan zubawa, miligiram ɗaya kusan maikurolita ɗaya. Ƙaramin mataci na rabin mililita kifa shi ake yi cikin sabuwar kwalba, a juya a g 1,000 na minti 2. Bayan haka zuba maikurolita 100 zuwa 200 na bafa a kofin, wanke bango da fuskar tantani da shi, bar shi minti kaɗan a ƙanƙara, kwashe a kwalba dabam.

Yanzu kana da abu huɗu: na farko, na sama, na ƙasa, da ruwan wanki. Auna furotin a dukkansu. Ninka kaurin kowanne da yawansa. A ce ka fara da mililita 15 mai miligiram 0.4 a kowace mililita, wato miligiram 6. Na sama ya ba ka rabin mililita mai 10.4, wato 5.2. Wanki ya ba da 0.3. Na ƙasa babu komai. Ka dawo da 5.5 cikin 6, kusan kashi 92, aiki ya yi kyau. In lissafi bai cika ba, wurin da giɓin yake shi zai nuna maka cutar. Furotin a ruwan ƙasa: huda ta yi faɗi ko tantani ya fashe. Babu a ƙasa, babu a sama: ya manne ko ya kwanta, sai ka canza irin tantani, ko pH, ko ka rage matsewa.

Wata ɗaliba ta taɓa zuwa wurina da ƙaramar kwalba a hannu, idonta ya yi ja. Makonni ta yi tana fitar da enzayim daga tsiron dawa, ta matse shi, ta gwada, babu aiki ko kaɗan. Na ce ina ruwan ƙasa? Ta ce, "Malam, ai na zubar a sinki." Da muka duba matacin a haske sai ga siririn tsagi a gefen tantanin. An riga an yi amfani da shi sau da yawa kafin ya zo hannunta, kuma an juya shi fiye da iyakarsa. Enzayim ɗinta lafiyarsa lau, yana cikin ruwan da ta zubar, da sabon mataci da awa ɗaya da an dawo da shi. Abin ya tsaya mini a rai, kuma tun ranar duk wanda zai yi tacewa a gabana sai ya fara rubuta wa kwalbar ruwan ƙasa suna kafin ya kunna inji.

Wajen aunawa, kula da abin da ke cikin ruwan. Hanyar auna furotin ta Lowry ba ta jituwa da amoniyam salfet da bafar Tris. Ta Bradford ba ta son sinadarin sabulu. Bayuret ba ya ganin furotin kaɗan, don haka kada ya ce maka babu komai a ƙasa ka yarda. In kana da injin auna haske, karatu a nanomita 280 ya fi sauri: miligiram ɗaya a mililita na BSA yana ba da kimanin 0.67, na IgG kimanin 1.4. In enzayim ne, auna aikinsa ma, don furotin na iya kasancewa a wurin amma ya mutu.

In ruwan ya fi ƙarfin kwalba

Daga mililita 50 zuwa 400, akwai tukunya mai motsi. Silinda ce da ake shimfiɗa tantani mai kamar faifai a gindinta, da maganaɗisun motsawa a rataye dab da shi, a tura ruwan da iskar naitirojin. Kamfanin Amicon, wanda Alan Michaels ya kafa a Amurka a 1962, shi ya yi suna da ita. Jiƙa faifan cikin tataccen ruwa na awa ɗaya kana canza ruwan, riƙe shi ta gefe, sa shi fuska mai sheƙi tana kallon sama, wato wajen samfur. In ka kifa shi, furotin zai shige cikin soson ya toshe shi. Zaunar da zoben roba da kyau. Kunna motsi kafin ka buɗe gas, ramin da ruwan ke yi a tsakiya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfinsa. Iyakar matsin tukunyar wajen 5 ne a ma'aunin matsi da ake kira "ba" (bar), kuma ba ka buƙatar kai wa can. Da farko ƙarin matsi yana ƙara gudu, amma akwai inda za a kai ya daina, sai dai yanar ta ƙara danƙarewa. Daga nan motsi ne ke taimako. In ka gama, rufe gas, saki iskar a hankali kafin ka taɓa murfi, ka bar shi yana motsawa minti 5 zuwa 10 babu matsi don abin da ya kwanta ya tashi.

Daga lita zuwa sama, famfo ake sawa ya riƙa kora ruwan yana shafar fuskar tantani a kwance, yana komawa tanki, yana sake zagayowa. Gudun ruwan da kansa ke share yanar. Matsin da ke aiki a nan shi ne matsakaicin na shiga da na fita, a cire na ɓangaren tatacce: in shiga ba 2 ne, fita ba 1, tatacce sifili, kana da 1.5. Wankin gishiri kuma a ci gaba ake yinsa, ana zuba bafa daidai yadda ruwa ke fita. Ninki 3 na yawan ruwan tanki yana cire kashi 95, ninki 5 kashi 99.3, ninki 7 kashi 99.9. Da wannan hanyar masana'antun madara suke tattara furotin daga ruwan da ke saura bayan an yi cuku, wanda furotin ɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, har ya zama garin da ke da kashi 35 ko 80. Maganin dafin kububuwa da ake yi wa mutane allurarsa a Kaltungo ma garkuwar jinin dabba ce da aka tsarkake, kuma masu haɗa irin waɗannan magunguna suna amfani da tantani wajen wanke su da kaurara su.

Manyan tantani ana sake amfani da su. Kafin aikin farko, auna gudun tsabtataccen ruwa a wani matsi da zafi da ka sani, ka rubuta. Bayan aiki, ɗauraye, wanke da sodiyam haidoroksaid, mola 0.1 ga RC, PES kuma yana ɗaukar 0.5, da safar hannu da tabarau. Ɗauraye har pH ya dawo daidai, sake auna gudun ruwa. In ya faɗi sosai, wankin bai yi ba. In ya haura na farko, akwai huda. Ajiye shi a jiƙe cikin itanol na kashi 10 zuwa 20 a firji. Ƙananan na santirifuj don amfani ɗaya aka yi su. Na san tsadarsu tana sa a maimaita, to in ya zama dole, ya kasance furotin iri ɗaya ne, a ajiye shi da ruwa a ciki, a kuma gwada shi da ɗan BSA kafin a ba shi samfur mai daraja. Wanda jini ko ƙwayoyin cuta suka taɓa kuwa ba a maimaita shi.

Abin da ka tattara, juya shi minti 10 a g 10,000 don cire duk wani gudaji, sannan ka raba shi ƙananan kwalabe, kowace daidai aikin rana ɗaya, da suna da kauri da kwanan wata. Na kwana biyu ko uku ya zauna a digiri 4. Na dogon lokaci ya shiga firiza. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, daskarewa da narkewa a kai a kai suna kashe enzayim, don haka haɗa shi da giliserol rabi da rabi: a digiri 20 ƙasa da sifili ba zai daskare ba, balle ya narke. Sa kwalaben a can ƙuryar firiza, tsakanin robobin ƙanƙara, nesa da ƙofa.